Kumburin da Na Goge wa Arzika

Ku ajiye salular nan tukuna, ku zauna. Tun ɗazu nake kallonku kuna murza fuskar ƙanwarku da yatsa, kun ƙara mata haske, kun rage mata kumatu, kuna dariya wai aikin da Kaka Namata ya yi shekara da shekaru yana yi, ga shi yau yaro na yi a kwance. Ku yi dariyarku. Gyaran fuska dai ba ku kuka fara shi ba. Na yi shi da buroshi da fenti tun ba a haifi uwayenku ba, kuma wallahi na fi ku iyawa. Abin da ya jawo ne ba ku sani ba, shi zan gaya muku.

Akwatin can da kuke ɗora wa tabarma, shi ne ya ciyar da gidan nan. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, da ido ɗaya na gilashi a gaba, da hannun riga baƙi a gefe inda kake zura hannunka ciki. A cikinsa akwai tasa biyu ƴan ƙanana, ɗaya ta ruwan da ke fito da hoto, ɗaya ta ruwan da ke tsayar da shi. Ba ka ganin abin da hannunka ke yi, da lalube ake aikin. Babu abin latsawa. Murfin idon kake cirewa, ka ƙirga uku a ranka, ka mayar. In rana ta yi zafi ka ƙirga biyu, in da hadari ka kai biyar, kuma babu wanda zai gaya maka, sai takardun da ka ɓata su koya maka. Abin da ke fara fitowa shi ake kira negatif: baƙin mutum ya fito fari, farar riga ta fito baƙa. Sai ka wanke shi a bokiti, ka manna a wani ɗan allo gaban idon, ka sake ɗaukarsa, sannan hoton gaskiya ya fito. Tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu, nan ne buroshi ke shiga.

Maigidana Mushe Kwasi ne, mutumin Dahome, Kirista. Ranar Lahadi yana cocin misiyo, sauran kwana shida yana bakin kasuwar Dogon Dutsi ƙarƙashin rumfa. Shekara guda na yi ina ɗauko masa ruwa ina riƙe zanen da ake ratayawa a bayan mutum kafin ya bar ni in zura hannu a akwati. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, kowa ana ce masa ya yi katin shaida. Mutane na zuwa daga Matankari, daga Ɗan Kassari, daga Gecheme, wasu ba su taɓa ganin fuskarsu ba sai a ruwan ƙwarya. Ka ce wa tsoho kada ya motsa, sai ya runtse ido. Ka ce ya buɗe, sai ya zaro su kamar an nuna masa maciji. Ƴan boko kuwa, malaman lakwal, wato makaranta, da ma'aikatan biro, wato ofis, nasu daban ne. Kowa so yake ya yi haske. Jan ruwa muke shafawa a fuskar negatif, mutum ya fito fes. Wasu har su matso su raɗa maka cewa ka ɗan rage musu zanen Arawa, tsagar nan biyu da ta tashi daga gefen baki zuwa kunne, wai hoton wurin wata yarinya za shi a Yamai. Zanen ubansu ke nan suke jin kunya.

Mushe Kwasi ya kafa mini doka ɗaya da bakinsa: kada in taɓa nuna wa mai hoto negatif, kada in taɓa gaya wa kowa zancen buroshi. Ya ce ranar da mutane suka san hannu na taɓa hoto, ranar sana'ar ta mutu. Wannan na riƙe ta gam. Akwai wata kuma da bai faɗa mini ba, yi kawai yake. Duk wanda ya zauna a kan kujera, kafin ya taɓa murfi sai ya tambaye shi da gurguwar Hausarsa ina hoton za shi. Ni a ganina surutu ne irin na mutanen kudu. Shekara huɗu ina jin tambayar nan, ban taɓa tambayar kaina amfaninta ba.

Sai muguwar shekarar ta zo, wadda aka ce mutanen Dahome su koma ƙasarsu. Cikin ƴan kwanaki Mushe Kwasi ya ɗaure kaya ya hau kamyo, babbar motar kaya, da matarsa da ƴaƴansa. Akwatin ya bar mini don babu wurin sa shi. Na zata na zama maigida, har na sa aka sassaƙa mini tampo, hatimi mai sunana, na bugawa a bayan hoto. Ina! Mutanen gari cewa suka yi aikin ya bi mai shi. Sai su zo su leƙa rumfa, su ga ni ne, su ce za su dawo. Wasu su jira wani Bayarabe da ke ratsowa daga Birnin Kabi wata-wata. Ruwan wanki ya ƙare, sai na tsallaka iyaka na nemo. Ina zaune ranar kasuwa tun hantsi har la'asar, mutum biyu, mutum uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu abin da nake nema a lokacin kamar aiki guda da zai sa a ce yaron nan ya iya.

Ranar wata kasuwa cikin bazara, sai ga wani mutum a kan jaki, matarsa na biye da ƙafa. Arzika sunansa, manomi ne kuma mai haƙar rijiya, daga wani ƙauye gaba da Matankari. Matar kuma Gomma sunanta. Zai yi shekara arba'in da ɗoriya, ƙaƙƙarfa, kafaɗu kamar ƙofa. Ya ɗaure haɓarsa da ƙyalle. Da ya kwance sai na ga kumburi a muƙamuƙinsa na hagu, ya kai ɗan goruba, fatar wurin ta miƙe tana sheƙi. Zanensa na wannan gefen ya hau kan kumburin ya karkace. Gomma ta ce a gefen nan yake ajiye taba gari da kanwa tun yana saurayi, yanzu haƙora biyu na girgiɗi, kuma abin ba ya nuna ba ya fashewa. Sun fito daga gidan likita. Majo, wato babban mai jinya da ke riƙe da wurin, ya ba su wasiƙa a ambulan buɗaɗɗe, ya ce su yi hoto a sa ciki, a ba direban motar posta kafin ta tashi zuwa Yamai.

Faransanci ban iya ba sai lamba. Kuma ban tambaya ba. Duk takardar da na taɓa gani za ta biro, hoton da ke jikinta na gane mai ita ne, sai na ɗauka wannan ma haka take: wasiƙa ta faɗi ciwo, hoto ya nuna mutum. Abin da ya cika mini kai shi ne Yamai. Hotona za shi Yamai, Nasara za su juya bayansa su ga tampona. Na ce a raina, ashe fuska karkatacciya zan aika da sunana a kai? Allah ya kiyaye.

Na zaunar da Baba Arzika, na ɗan juya shi dama don gefen ciwon ya koma inuwa. Na ƙirga uku. Na ce su je su sha fura su dawo. Na shiga bayan rumfa na sa negatif a cinya. Da buroshi mai gashi ƙwara biyar na bi gefen kumburin da fenti irin launin zanen baya, ina cin sa kaɗan-kaɗan, har muƙamuƙin hagu ya daidaita da na dama. Na kashe sheƙin fatar da fensir mai laushi. Sai zanen da ya karkace, shi ya fi ba ni wuya. Na share shi, na sake jansa da bakin allura, layi biyu, daga gefen baki har kunne, yadda wanzamin ƙauyensu ya yi masa yana jariri. Na fi awa guda a kai, gumi na ɗiga ina kare takardar da gwiwar hannu. Da hoton ya fito daga bokiti, ni kaina sai da na yi murmushi.

Arzika ya karɓa ya duba, ya kai hannu ya shafa kuncinsa, ya sake dubawa. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce, "Ashe haka nike." Gomma ta dubi hoton, ta dubi mijinta, ta dube ni. Guda biyu na wanke. Ɗaya na ba shi, ɗaya na buga wa tampo na sa a ambulan, na lasa na liƙe da kaina, na ruga na miƙa wa direba.

Bayan wata ɗaya da rabi, ruwan farko ya sauka da kwana biyu, sai ga majo da kansa a rumfata cikin farar rigarsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ranar ma bai ɗaga ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗora hoton a kan akwati, an dawo da shi maƙale da amsa. Ya tambaye ni ko wane ne wannan. Na ce Arzika ne. Ya ce a'a, shi Arzikan da ya aiko mini mai kumburi ne. Sannan ya yi mini bayani kamar mai karanta wa yaro. Lokotoro, wato likitan da ke fiɗa a Yamai, gadajensa kaɗan ne, ƙasa duka shi take rubuta wa, kowace wasiƙa kumburi take cewa. Shi ya sa majo ya fara haɗawa da hoto, don ido ya ga wanda ba zai iya jira ba. Lokotoro ya duba nawa, ya ce bai ga abin tsoro ba, wataƙila haƙori ne, a cire a yi allura, in bai sauka ba a sake rubutowa. Majo ya ce shi ya sa yatsa cikin bakin mutumin, ya san abin da ya taɓa. Ciwon daji ne. Irinsa in an same shi yana wuri ɗaya, akan yanke ƙashin, mutum ya rayu da rabin muƙamuƙi. In ya gangara wuya, wuƙa ba ta cim masa.

"Ka ɗauki akwatinka ka je ka ɗauko mini gaskiya," in ji shi. "Gobe."

Na ɗaura akwati a jakin aro na tafi. Ina isa ƙauyen sai na tarar sunana ya riga ni. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar bishiya, maza suka taru. Hoton ya zaga gida-gida, har an ɗinka masa kube na fata. Yayan Arzika, wani dattijo mai suna Dari, shi ya yi magana. Ya ce sun gode mini, akwatina ya warware musu abin da ya dame su. Kowa ya ga katin shaida: mai ido ɗaya da ido ɗaya yake fitowa, mai tabo da tabonsa, akwatin Nasara ba ya ƙara ba ya ragewa. Tun da kumburin nan ido na ganinsa amma akwati bai kama shi ba, to ba na tsoka ba ne. Doguwa ce, aljana. Da ma Arzika ya haƙa rijiya kusa da wata tsamiya bara bai ba masu wurin komai ba. An riga an kira mai bori, an yanka baƙar akuya, za a yi wasa bayan shuka. Ga kuma labari ya iso musu cewa babban lokotoro ma ya ce ba komai.

Ku duba nan. Mutum ashirin na zaune suna yabon aikina, abin da na yi wata biyar ina nema. Arzika na gefe da ƙyalle a haɓa, kumburin ya ƙaru, ina ganinsa ta ƙarƙashin ƙyallen. Kalma huɗu kawai ake so daga bakina: ni na goge shi. Dokar maigidana ta hana ni, kunya ta hana ni, tsoron a ce mai hoton Dogon Dutsi maƙaryaci ne ya hana ni. Sai na ce ai ranar hasken ne bai yi kyau ba, su bari in sake. Dari ya ce a'a, ba a tsokanar doguwa sau biyu, ga shi ƙasa ta jiƙa, kowa gona ya nufa. Suka ba ni kaza. Na karɓa, na kawo gida, aka soya, na ci.

Majo ya aika musu saƙo sau biyu, ba su zo ba. Shi kaɗai ne ga yankin duka, ga masassarar damina ta cika masa tsakar gida, ba shi da ƙafar bin mutum ɗaya. Ni kuma na yi kusan wata ina juyi kafin in sami ƙarfin hali. Lokacin maimai, noma na biyu, na koma da negatif da buroshi a aljihu, na baje su gaban Dari da mutanensa, na nuna musu fentin, har na kankare gefe da farce kumburin ya leƙo. Suka duba takardar da baƙi ya zama fari, ba su ga ɗan'uwansu a ciki ba. Dari ya ce majo ne ya sa ni, an san mutanen likita ba sa son bori. Ina fita daga garin Gomma ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce ita ta sani tun ranar, ta ga fenti a yatsuna. Ta faɗa musu, suka ce mace ce za ta ƙaryata akwati? Ta ce da na faɗa a zuwan farko, kafin a yanka akuya, kafin Dari ya buɗe baki gaban jama'a, da Arzika ya bi ni. Yanzu in ya tashi ya kunyata yayansa.

Sai bayan girbi suka kawo shi rumfata, a kan takarkari, mutum biyu na riƙe da shi. Kuncin ya ɓule. Ƙulle-ƙulle sun jeru a wuyansa har ƙashin kafaɗa. Ba ya cin komai sai kunu mai ruwa, shi ma rabi ta ramin yake fitowa. Kafaɗun nan duk sun zube. Masu rumfunan kusa suka ja baya saboda wari, Gomma na tsaye tana kore masa ƙudaje da bakin zane. Na zaunar da shi ya fuskanci rana sosai, na ɗauka ta gaba, na ɗauka ta gefe. Sai da na ɓata takarda biyu. Bai yi mini faɗa ba, ba ya ma iya magana. Wannan karon amsa ba ta kwana goma ba, aka ce a kawo shi maza. Aka kai shi. Bayan sati uku aka dawo da shi da takarda da ƙwayoyin rage zafi. Ya rasu cikin sanyi, kafin a gama sussuka.

Ban bar gyaran hoto ba, kada in yi muku ƙarya, da shi na ciyar da uwayenku. Amarya ta zo, na haskaka ta. Ɗan boko ya zo, na rage masa zanen ubansa. Amma tun daga ranar babu wanda ya zauna a kujerata ban tambaye shi ina hoton za shi ba. Majo bai daina aiko mini da mutane ba, don babu wani mai akwati a garin: mai gyambo a harshe, mai ƙulli a wuya, mai leɓen da ya ƙi warkewa. Irin waɗannan, buroshi ba ya fita aljihu. Har kwalin ashana nake sa su riƙe kusa da ciwon don a ga girmansa. Wata mata daga Gecheme an kira ta da wuri, ta dawo da rabin muƙamuƙi, ta ga jikokinta. Duk sanda ta gaishe ni a kasuwa Arzika nake tunawa.

Da Gomma ta fita takaba ta zo rumfata ita kaɗai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuben fatar nan, ta zare hoton farko ta ɗora a kan akwati.

"Wanga ba mijina ba ne, naka ne," ta ce. "Riƙe abinka. Ka ba ni na biyun."

Na ce, Inna, wancan ba na kallo ba ne. Ta ce wata biyar tana wanke fuskar nan safe da yamma, ba ni zan gaya mata abin da ke kalluwa ba. Na wanke mata, ta jira ya bushe, ta sa a kuben ta tafi. Ban sake ganinta ba.

Ke, buɗe akwatin, ki ɗaga tasar dama. Yauwa, miƙo shi nan. Ga Arzika. Ku kai shi haske, ku sa salularku ku ƙara girmansa yadda kuke so, ku duba kuncin hagu, ku nuna mini inda buroshi ya bi. Ba za ku gani ba. Lokotoro da tabaraunsa ma bai gani ba. Shekara hamsin na yi a bakin kasuwar nan, ban sake yin aikin da ya kai wannan kyau ba.